Akwatin Mutumin Masar

Ina cikin yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku na garinmu Tamale, a matse tsakanin wata mata mai buhun gawayi da wani tsoho rungume da zakara, saƙon ya shigo wayata. Jami'armu ta zaɓe ni cikin ɗaliban da za su je ƙasar Holan su yi zangon karatu ɗaya, a shirin musayar ɗalibai. Na karanta, na sake karantawa, sai na kurma ihun da ya sa direba ya taka burki a tsakiyar titi, zakara ya kufce ya hau kan mai gawayi. Tsohon ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a Baba, alheri ne, na biya wa kowa kuɗin mota don murna. Daga bakin titi zuwa gidanmu a unguwar Aboabo kuwa ban san ko ƙafata ta taɓa ƙasa ba.

Ni dama tun ina ƙarama an san ni da baki. In na ji labari da safe, kafin azahar na raba shi kyauta har da gyara. To ga babban labarin rayuwata ya zo. Na faɗa tsakar gida ina kiran Mma, mahaifiyata, tana tankaɗen garin tuwo. Ban kai ƙarshen kalmar Holan ba ta daka tsalle ta toshe min baki da hannunta, duk gari. Ta ja ni ɗaki, ta rufe ƙofa, ta saki labule, sannan ta rungume ni tana kuka tana dariya.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Amma ki ji ni da kyau. Babu wanda zai ji. Ko ƙawarki, ko gwaggonki ta Nyohini, ko kazar gidan nan. Sai kin sauka can kin kira, sannan mu faɗa."

A unguwarmu haka ake yi. Tafiya mai nisa ba a shelarta. Za ka ga mutum da yamma yana shan shayi a bakin masallaci, washegari a ce ai ya wuce Makka ko Italiya. Ana tsoron baki, ana tsoron ido, an ce baki shi ke yanka wuya. Amma a gidanmu abin ya wuce al'ada, yana da tushe, kuma tushen yana zaune a shagon ɗinki na ƙofar gida yana taka keke.

Baba yana saurayi ya samu gurbin karatu a Masar. A lokacin murna ta ɗebe shi, ya bi gida gida yana sallama. Aka yanka rago, aka dafa shinkafa, aka yi masa addu'a a masallaci, ya sayi akwati ruwan ƙasa mai maɓallan ƙarfe. Ya tafi Accra jiran jirgi. Can aka yi ta ce masa gobe, jibi, har guzurinsa ya ƙare ya dawo Tamale da akwatinsa. Ba wanda ya taɓa gaya masa dalili. Tun daga nan Aboabo ta laƙaba masa suna, mutumin Masar. Yaran da ba a haifa ba a lokacin suna kiransa haka, wasu ma sun ɗauka da gaske ya je. Shi kuwa ba ya amsawa, ba ya kuma faɗa, sai dai ya ƙara taka kekensa. Akwatin yana saman kabad a ɗakinsa, Mma tana ajiye zannuwan sallah a ciki. Ita ta yi imani bakin mutane ne ya cinye tafiyar, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Da dare ya yi aka gaya wa Baba a ɗaki, ƙasa-ƙasa. Ya dube ni, ya ce Allah Ya sa albarka, ya fita alwala. Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma na yi kamar ban gani ba.

Sai aka shiga azaba mai daɗi. Ban taɓa sanin farin ciki yana da nauyi ba sai da aka hana ni sauke shi. Ina tafiya ina murmushi ni kaɗai kamar sabon kamu. In na shiga bayi sai in rufe ƙofa in taka rawa ba kiɗa. A aji muna karatun noman rani da ban ruwa, malami ya ambaci yadda mutanen Holan suke sarrafa ruwa, sai da na ciji biro don kada in ɗaga hannu in ce ai can zan je. Da daddare in lulluɓa da zane ina kallon hotunan garin a waya, kekuna, gadoji, shanu masu ƙiba kamar ba su taɓa jin labarin rani ba.

Ranar da muka je sayen rigar sanyi ita ce ba zan manta ba. Tsakiyar bazara ce, zafin Tamale na dafa ƙwai a aljihu, ni da Mma muka shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Aboabo muna neman kwat mai gashi a wuya. Mai kayan ya dube mu sama da ƙasa.

"Hajiya, wannan zafi paa, wa zai sa wannan? Ko za a shiga firij ne?"

Mma ko gezau. Ta ce wani ɗan'uwa ne a Kumasi yake fama da sanyin ƙirji. Ta sa na gwada, wai jikinmu ɗaya da shi. Na tsaya cikin kwat ina zuba gumi ina dariya har da hawaye. Muka naɗe shi a baƙar leda, muka bi ta gaban tsohuwa mai waache a bakin layinmu, muka gaishe ta muka wuce da sauri.

Wannan tsohuwa sai na yi bayaninta. Shekara da shekaru tana sayar da waache, shinkafa da wake irin tamu, a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, da benci biyu a gabanta. Duk labarin da zai zaga Aboabo daga bencin nan yake tashi. Wa ya yi aure, wa ya sayi babur, wa aka ga ya shiga asibiti, kafin ta zuba maka shito, soyayyen yajin nan namu, ka ji shi duka. Ba muguwa ba ce, rediyo ce kawai da ba ta da makunni. Kuma ɗanta na fari shi ne malamin da sashenmu ya naɗa mai ba ni shawara kan karatu. Muna kiransa Dokta. Ya gina gida a unguwar Kanvili, amma duk Juma'a yana zuwa ya zauna a bencin uwarsa kafin masallaci.

Ofishin hulɗa da ƙasashen waje ya tara mu, mu da aka zaɓa, wata jami'a mai tabarau ta karanta mana dokoki. Wasu na riga na cika su. Sai wanda ya gama shekara ta biyu, ba ya da kwas da ya faɗi yake bin sa bashi, kuma makinsa bai sauka ƙasa da abin da aka yanka ba. Zango ɗaya za a yi, a dawo a ƙarasa shekarar ƙarshe a gida. In an dawo a tsaya gaban 'yan sashe a ba da labarin abin da aka koyo. Wannan ta ƙarshe har na ji daɗinta, ga doka da ta tilasta min surutu. Sai ta zo kan wadda ta ce ita ce uwar sauran. Kowa zai zaɓi kwasa-kwasan da zai yi a can, ya kai wa malaminsa mai ba da shawara, su zauna su gwada su da na gida, ya amince ya sa hannu. Ba a yin wannan bayan an tafi. Wanda bai kawo amincewar ba zuwa Juma'ar ƙarshen wata, za a ba wa na bayansa gurbin, don akwai masu jira.

Na dawo gida jikina a sanyaye na gaya wa Mma. Ta ajiye muciya.

"Wane malami? Ɗan mai waache? Kin gaya masa kin gaya wa uwarsa, kin gaya wa uwarsa kin gaya wa Aboabo har da Nyohini. Ba da ni ba kraa. Ki tafi abinki, in kin dawo kya kai masa tsaraba ki ba shi haƙuri, ya sa hannun. Ai ɗan unguwa ne, a gabana ya yi rarrafe."

Haka Mma ta ɗauki jami'a, kamar gidan maƙwabta, inda gaisuwa da goro suke gyara komai. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce ita dai ta faɗa, kuma in na kai maganar nan wurin mutumin nan ba da yawunta ba.

Na koma ofishin na roƙi mai tabarau ko wani malamin zai iya sa hannu. Ta ce a'a, wanda aka naɗa min shi ya san karatuna. Da ta ga idona ya cika sai ta sassauta murya ta gaya min dalilin dokar. A da, ta ce, ɗalibai sukan tafi su zaɓi abin da ya burge su, su dawo da sakamako mai kyau, sai sashe ya duba ya ga bai yi daidai da na gida ba. Mutum ya je Turai ya dawo ya tarar 'yan ajinsu sun wuce shi da shekara. Don a kare mu aka kafa ta. Na gane, na kuma yarda, amma ganewa ba ta buɗe min hanya ba. Gaba kura baya sayaki. In na je wurin Dokta na taka maganar uwata, in ban je ba Holan ta tafi da wani.

Na fara ɓuya. In na hango Dokta a baranda sai in shige ɗakin karatu. Murnar nan da take sa ni rawa a bayi ta gushe. Abinci ya daina shiga. Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin Mma, na ji haushin Masar da ban taɓa gani ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe da yamma muka sake tayar da maganar a tsakar gida, muna faɗa cikin raɗa, wanda shi ne faɗa mafi gajiyarwa a duniya. Ba mu lura keken ɗinki ya yi shiru ba. Sai ga Baba a bakin zaure da tef a wuya. Ya nemi in maimaita masa dokar, na maimaita. Ya juya wurin Mma.

"Don ni kike wannan, na sani," ya ce. "To bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa ba. Sunan nan da suke kirana bai taɓa yi min ciwo kamar rashin zuwan ba. Da sun kira ni abin da ya fi haka, in dai na je. Yarinyar nan in ta yi shiru gobe, ta rasa tafiyar, kuma ba bakin kowa ba ne, namu ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Mma ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta bar mu. Baba ya ce in shirya takarduna, da safe shi zai kai ni.

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya tayar da tsohon babur ɗinsa, na hau baya rungume da fayil. Muka isa jami'a, muka hau bene, ofishin Dokta a kulle. Wani malami da yake wucewa ya ce ai yau Juma'a, ya leƙo da sassafe ya wuce wurin tsohuwarsa. Na dubi Baba, Baba ya dube ni. An gudu ba a tsira ba. Sai ya yi wata 'yar dariya da ban san shi da ita ba, ya ce mu je.

Bencin mai waache a cike yake. 'Yan babur, teloli, mata da kwanuka a layi, Dokta a gefe yana cin nasa a ganye da hannu. Baba ya kashe babur a gabansu. Wani ya ɗaga murya kamar kullum, ya yi masa ina kwana da yaren garinmu, "Mutumin Masar, dasiba!" Baba ya amsa da "Naa," ya gaida tsohuwa, sannan ya tsaya tsakiyar mutane ya yi magana da muryar da ta kai har bakin titi.

"Dokta, 'yata jami'a ta zaɓe ta za ta Holan karatu. An ce sai ka duba ka sa hannu, kuma yau ne ƙarshe. Ga ta na kawo maka."

Ludayin tsohuwa ya tsaya a sama. Ni kuwa, Allah Ya sani, wani daɗi ne ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. An faɗa! A fili, da rana tsaka, kowa ya ji!

Dokta ya wanke hannu ya ce ai sunana ya zo masa tuntuni, yana ta mamakin ɗalibar da take gudunsa. Sai ya dubi Baba, bai ƙara tambaya ba. Ya matsa min a benci, ya buɗe fayil a cinyarsa. Na zaci zai sa hannu kawai, ashe aiki ne sosai. Ya bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya yana tambayata. Ya tsaya a kan wani da na zaɓa na noman furanni, don hotunan sun burge ni.

"Wannan ba shi da ɗan'uwa a gida," ya ce. "In kin yi shi, ba za a ƙirga miki ba. Furanni ki kalle su a hanya kyauta. Ki ɗauki na sarrafa ruwan gona, shi zai maye wanda 'yan ajinku za su yi a nan."

Ya soke, ya rubuta, ya sa hannu, da ɗigon man shito a gefen takardar. Sai a lokacin na gane da na bi shawarar Mma na dawo da tsaraba, da na dawo na maimaita aji da furannina.

Tsohuwa ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse. Ta jawo ni ta riƙe fuskata da hannuwanta biyu.

"Ai na sani," ta ce. "Tun ranar da ku ya wuce da leda, hannun kwat yana leƙe. Wa ke sayen kwat a bazara? Na ce yarinyan nan zai yi tafiya. Amma ni na dafa shinkafan sallaman ubanki. Wannan karo na ce bakina ba zai shiga ba, ko ɗana ban tambaya ba."

Rediyon Aboabo ta riƙe labari wata guda cur a cikinta. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce Hajiya na gode. Muka hau babur muka koma jami'a da gudu, babbar riga tana kaɗawa tana rufe min fuska, muka miƙa takardar kafin a tashi sallah.

Kafin la'asar har gwaggona ta Nyohini ta iso tana mitar a bakin 'yan babur ta ji. Gida ya cika. Ni kuwa na buɗe famfo, duk surutun da na tara na sake shi, na ba da labarin Holan kamar a can aka yanke min cibi. Mma tana karɓar barka, rabi murna rabi fargaba. Saura biza, kuma a Accra ake karɓarta, Accra ɗin da ta dawo da Baba. Duk lokacin jiran nan ba ta bar carbi ba, ta rame, in waya ta yi ƙara sai ta zabura. Ni ma na tuna yanzu kowa ya sani. Na fara tunanin wane suna Aboabo za ta sa min in aka hana ni bizar.

Ranar da bizar ta fito, Mma ce ta fita ba mayafi sosai a kanta, ta je har gindin darbejiya ta faɗa da bakinta.

Ana gobe zan tafi, na shimfiɗa kayana ina neman yadda zan cusa kwat da kwalaben shito da tsohuwa ta aiko cikin jakar da na aro. Baba ya shigo ɗauke da akwati ruwan ƙasa. Ya kwashe zannuwan Mma, ya goge shi da mai, ya ɗinka masa sabon shafi a ciki da atamfa. Akwatin ba shi da taya, yana da nauyi tun ba a sa komai ba, kuma na san 'yan tafiyarmu duk masu ja za su riƙe. Na karɓa da hannu biyu.

A tashar mota rabin layinmu ya zo rakiya, abin da ba a saba yi ba. Wani ya hango akwatin ana ɗora shi ya gane shi, ya ce, "Mutumin Masar, yau dai kaya ya tashi!" Baba ya ce, "Ya tashi," yana dariya har ana ganin wushiryarsa.

Na yi zangona. Na sha sanyi, na faɗi a keke a gaban jama'a, na ga furannin kyauta kamar yadda Dokta ya ce. Na dawo aka ƙirga min kwasa-kwasaina duka, na shiga shekarar ƙarshe tare da 'yan ajinmu, na kuma tsaya gaban 'yan sashe na cika dokar ba da labari har sai da aka karɓe makirufo.

Ranar da na dawo gida, bayan an raba tsaraba, na ɗauko almakashi zan yanke farar takardar da ma'aikatan jirgi suka ɗaura a hannun akwatin. Baba ya riƙe min hannu. Ya ɗauki akwatin da kansa ya mayar saman kabad, ya juya shi yadda takardar za ta fuskanci ƙofa. Har yau tana nan, ta yi ja don tsufa, kuma Mma ta nemi wani wurin ajiye zannuwanta.